Hugh Dowding, Hafsan da Ya Tsare Sararin Ingila

A cikin manyan hafsoshin da Yaƙin Duniya na Biyu ya fito da sunayensu, akwai waɗanda aka sani da kwarjini da fasahar magana, akwai waɗanda aka sani da kutsa kai cikin fagen fama, amma da wuya a sami wanda zahirinsa ya kasa burge mutane kamar Hugh Dowding, dogon dattijo siriri mai ɗaurarriyar fuska, wanda ba ya son hira, ba ya neman fada, ba ya kuma iya ɓoye wa babba cewa ya yi kuskure. Alhali kuwa shi ne ya shugabanci jiragen da suka hana Hitila ƙetare ruwa zuwa Ingila a shekarar 1940. Ya ci yaƙin da in da an faɗi shi da al'amuran duniya sun ɗauki wata hanya dabam, kuma tun hayaƙin yaƙin bai gama washewa ba mutanen da ya tsare suka tuɓe shi daga kujerarsa.

An haife shi ran 24 ga Afrilu, 1882, a wani ƙaramin gari mai suna Moffat a kudancin Sikotilan, inda mahaifinsa yake da makarantar yara. Ya yi karatu a Winchester, ya wuce makarantar hafsoshi ta Woolwich, ya fito a 1900 a matsayin ƙaramin hafsa na sojan igwa. Aikin daular Ingila ya kai shi Jibraltar da Silon da Hong Kong, daga nan sai Indiya, inda ya yi shekaru tare da igwogin da ake labta wa alfadarai ana hawa duwatsu da su. Yana makarantar manyan hafsoshi ta Camberley ne sha'awar jirgin sama ta kama shi, domin ya lura malamansa suna koyar da dabarun amfani da jirgi ba tare da sun san jirgin ba. Ya je filin Brooklands ya koyi tuƙi, ya karɓi takardar shaidarsa a watan Disamba na 1913, bayan jimillar zamansa a sama ba ta kai sa'a biyu ba. Mahaifinsa ya hana shi ci gaba da wannan sana'a mai haɗari, shi kuwa ya yi biyayya ya koma wajen igwoginsa, sai ga Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, hukuma ta kira duk wanda ya iya tuƙi, ƙaddara ta mayar da shi inda iyaye suka hana.

A Faransa ne halinsa ya fara bayyana, ya kuma fara jawo masa abin da zai bi shi har tsufa. A 1916, lokacin gumurzun Somme, yana shugabancin wasu ƙungiyoyin jirage a ƙarƙashin Janar Hugh Trenchard, mutumin da daga baya aka ɗauka uban sojojin saman Ingila, wanda aƙidarsa ita ce a kai hari kullum, ko nawa za a rasa. Dowding ya ga ana aika yara sababbin koyo suna faɗowa tun ba su san sararin da suke ciki ba, sai ya nemi a janye waɗanda suka jigata a hutar da su. Trenchard ya ɗauki wannan a matsayin raunin zuciya, ya mayar da shi gida aikin horarwa, bai sake komawa fagen fama ba har yaƙin ya ƙare. Wannan saɓani bai mutu ba. Shekara ashirin da huɗu bayan haka Trenchard yana cikin dattawan da suka sa baki a cire shi.

Rayuwarsa ta gida ma ba ta zo da sauƙi ba. Ya yi aure a 1918, aka haifa masa ɗa mai suna Derek, matar ta rasu a 1920, ya zauna gwauro shekara talatin da ɗaya, 'yar'uwarsa Hilda tana riƙe masa gida. Ya yi aiki a Iraƙi, ya yi a Falasɗinu lokacin tarzomar 1929, amma duk wannan share fage ne. Asalin aikinsa ya fara a 1930, sa'ad da aka ba shi kujera a majalisar ma'aikatar sojan sama, aka danƙa masa sha'anin bincike da samar da kayan aiki.

Ya kamata mai karatu ya san irin ra'ayin da ya mamaye zukatan masana a wancan zamani, domin in ba a san shi ba, ba za a gane girman ijtihadin mutumin ba. Kusan ijma'i ne a tsakanin hafsoshin sama na Turai cewa jirgin da ke jefa bama-bamai ba shi da magani, cewa kafin a gan shi, a tashi, a cim masa, ya riga ya zubar da kayansa ya juya. Stanley Baldwin, wanda ya riƙe Firayim Ministan Ingila har sau uku, ya faɗi haka ƙarara a majalisa a watan Nuwamba na 1932, ya ce babu wani iko a doron ƙasa da zai tsare mutumin gari daga bam, kuma kariya ɗaya ita ce ka fi abokin gaba saurin kisa. A kan wannan aƙida aka gina rundunar saman Ingila, a kanta manyan hafsoshi suka sami girma, saboda haka duk fam ɗin da aka kashe a kan jiragen tare hanya, a ganinsu, an ɗebe shi ne daga bakin jiragen kai hari. Dowding bai musa amfanin kai hari ba, amma ya tsaya a kan magana guda wadda ya yi ta maimaitawa har ta gundure su: ƙasar da ba ta tsare gidanta ba, masana'antunta da tashoshin jiragen ruwanta suna ci da wuta, ba ta da wurin da za ta tashi ta kai wa wani hari.

A zamaninsa ne aka bar jirage masu fukafuki biyu, ɗaya bisa ɗaya, aka koma masu fiffike ɗaya da bindigogi takwas. Hurricane, wanda Sydney Camm ya tsara, ya fara tashi a Nuwamban 1935. Spitfire na R. J. Mitchell ya biyo baya ran 5 ga Maris, 1936. Dukansu da inji ɗaya, Merlin na kamfanin Rolls-Royce. Ana ba da labarin wani zama da ya nemi a sa wa waɗannan jirage gilashin da harsashi ba ya hudawa, mahalarta suka yi masa dariya, ya ce musu in 'yan fashin Chicago suna da irin wannan gilashi a motocinsu, bai ga dalilin da za a hana matuƙansa ba. An sa gilashin daga baya, kuma Allah kaɗai ya san yawan fuskokin da ya tsare.

Abin da ya fi jiragen muhimmanci, a ganina, shi ne rada. A farkon 1935 wani masanin kimiyya, Robert Watson-Watt, da mataimakinsa Arnold Wilkins suka rubuto cewa in aka aika igiyar rediyo sama ta doki jikin jirgi, za ta dawo, kuma daga dawowarta za a san akwai jirgi, a san nisansa. Dowding ya ce shi ba ya fitar da kuɗin hukuma a kan lissafin takarda, sai ya ga hujja. Ran 26 ga Fabrairu, 1935, aka ajiye wata mota a cikin gona kusa da Daventry, inda BBC take da tashar watsa shirye-shirye, aka sa wani jirgi mai suna Heyford ya ratsa ta cikin igiyar tashar, sai ga alamarsa ta motsa a jikin gilashin na'urar. Da aka kawo masa wannan shaida bai yi jinkiri ba, aka ba da fam 10,000 na fara aiki, kuma kafin yaƙi ya zo an kakkafa dogayen hasumiyoyi wajen ashirin a gaɓar gabas da ta kudu, suna hango jirage tun suna can bisa teku.

Sai dai Jamus ma tana da rada, wasu na'urorinta ma sun fi na Ingila inganci. Bambancin yana cikin tadbiri, wato abin da ake yi da labarin bayan na'ura ta kawo shi. A watan Yuli na 1936 aka kafa rundunar jiragen tare hanya, aka naɗa Dowding shugabanta na farko, ya zauna a wani tsohon gida mai suna Bentley Priory a arewacin Landan, ya shekara huɗu yana ɗinka ƙasar da wayoyin tarho. Hasumiyoyin rada teku kawai suke kallo; da zarar jirgi ya shigo bisa tudu sai su makance, don haka aka baza masu sa ido kimanin 30,000, akasarinsu 'yan sa kai, manoma da malaman makaranta da masu kanti, a wurare wajen dubu, kowane wuri da tabaron hangen nesa da tarho. Rahoton rada ba ya zuwa tsarkakakke: wannan tasha ta ce jirgi goma, waccan ta ce talatin, wata ta ba da tsawon da ya saɓa. Sai ya sa aka yi ɗaki guda na tacewa, inda ake gwada riwayar wannan da ta wancan, kamar yadda malaman hadisi suke auna isnadi, a san tashar da ta saba gaskiya a kan nisa da wadda ta saba kuskure a kan tsawo, a fitar da magana ɗaya ingantacciya kafin a aika ta gaba.

A wancan lokaci, wanda ya leƙa ɗakin umarni na shiyya ta 11, mai tsaron Landan, a Uxbridge, wanda yake can ƙarƙashin ƙasa, zai ga wani makeken tebur da taswirar kudancin Ingila a kansa, 'yan mata sojoji sun kewaye shi, kowace da abin saurare a kunne da doguwar sanda mai kama da manjagara a hannu, tana tura 'yan katakai masu lamba waɗanda ke nuna yawan jiragen maƙiyi da tsawonsu. A bango akwai agogo da aka rarraba fuskarsa da launi uku, ja da rawaya da shuɗi, kowane minti biyar da nasa, kuma kibiyar da aka ajiye a tebur tana ɗauke da launin lokacin da aka ajiye ta, ta yadda hafsan da ke zaune a bene yana duban ƙasa zai gane da kallo ɗaya wane labari ne sabo, wane ne ya tsufa. A gabansa kuma ga allo mai fitilu yana nuna kowace ƙungiya: wadda ke shirye, wadda ta tashi, wadda ta hango abokin gaba, wadda ta sauka shan mai. Daga gaɓar Faransa zuwa ta Ingila mil 21 ne a wuri mafi ƙunci, jirgin Jamus yana ƙetarewa cikin 'yan mintoci, shi kuwa mai tare shi yana bukatar wajen kwata na sa'a kafin ya hau tsawon da za su haɗu. Duk wannan gini an yi shi ne domin a sayi waɗannan mintoci, kada jirage su ƙone mai suna shawagi suna neman abin da ba su san inda yake ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dowding yana cikin wannan aiki ma'aikatarsa tana neman hanyar rabuwa da shi. A 1937 aka tsallake shi aka ba Cyril Newall, wanda bai kai shi daɗewa ba, shugabancin sojojin sama baki ɗaya. Aka sa masa ranar ritaya a 1939, aka ɗaga zuwa Maris na 1940, aka sake ɗagawa zuwa 14 ga Yuli, sannan aka ƙara masa 'yan watanni. Ma'ana, mutumin da makomar ƙasar take hannunsa ya shiga yaƙin da takardar sallama a aljihu, yana da shekara 58.

Ran 10 ga Mayu, 1940, Jamusawa suka afka wa Holan da Beljiyam da Faransa, a ranar kuma Winston Churchill ya zama Firayim Minista. Cikin kwana biyar Firayim Ministan Faransa, Paul Reynaud, yana roƙon a ƙara masa ƙungiya goma ta jirage. Churchill mutum ne mai son Faransa, mai ganin cika alkawari ga abokin ƙawance wajibi ne, kuma zuciyarsa ta karkata ga bayarwa. Dowding ya nemi izinin bayyana a gaban majalisar yaƙi, ya je ran 15 ga Mayu ya faɗi ra'ayinsa, washegari kuma ya rubuta wa ma'aikata wasiƙar da ta zama mafi shahara cikin duk abin da ya rubuta. Ya tuna musu cewa su da kansu suka ƙiyasta ana bukatar ƙungiya 52 domin tsaron gida, yanzu kuwa saura daidai da 36. Ya nemi a gaya masa adadin da ba za a sauka ƙasa da shi ba. Ya ce in an bar isassun jirage a gida, jiragen ruwa suna nan, to ƙasar za ta iya ci gaba da yaƙi ita kaɗai, amma in aka tsiyaye su domin gyara abin da ya riga ya ɓaci a Faransa, faɗuwar Faransa za ta zama faɗuwar Ingila, cikakkiya wadda ba tashi bayanta.

Ba gaskiya ba ne cewa daga ranar ba a sake aika ko jirgi ɗaya ba; an ƙara aikawa, an kuma yi hasarar ɗaruruwan Hurricane kafin a gama kwashe sojoji wajen 338,000 daga Dunkirk a farkon Yuni. Amma an toshe bakin kwararar, kuma ƙungiyoyin Spitfire ba su taɓa komawa filayen Faransa da zama ba. Faransawa da yawa sun daɗe suna ganin wannan a matsayin yasar da aboki ranar wuya, kuma mai adalci ba zai ce ƙorafinsu ba shi da tushe ba. Sai dai tankokin Jamus sun riga sun ƙetare kogin Meuse, kuma ƙungiya goma ba za ta mayar da su ba. Akwai irin jaruntakar da ba ta da ganga ba ta da kirari, wato ma'aikaci ya dubi shugaban da ya hau mulki kwana biyar da suka wuce, wanda kuma yake da ikon korarsa da alƙalami ɗaya, ya ce masa a'a.

Faransa ta sa hannu a takardar ajiye makamai ran 22 ga Yuni. Hermann Göring, shugaban sojojin saman Jamus, ya yi wa Hitila alkawarin share sararin Ingila cikin 'yan makonni domin sojoji su ƙetare. Yana da jirage fiye da 2,000, Dowding kuwa waɗanda ke shirye a hannunsa suna tsakanin 600 da 700. Ya raba ƙasar shiyya huɗu, ya ba Keith Park, mutumin New Zealand, shiyya ta 11 wadda ta ƙunshi Landan da kudu maso gabas, inda wutar za ta fi ci. Trafford Leigh-Mallory yana ta 12 a tsakiyar ƙasa. Dabarar da shi da Park suka bi ba ta da daɗin ji ga mai son labarin fada: kada a tara jirage wuri ɗaya a yi babban karo, a riƙa tarar kowane hari da ƙungiya ɗaya ko biyu, da wuri, kafin ya kai ga abin da ya nufa, a kuma ajiye ƙungiyoyi a arewa domin musanya waɗanda suka gaji. Ya fahimci cewa ba a bukatar ya hallaka rundunar Jamus. Abin da ake bukata shi ne rundunarsa ta kasance da rai har iskar kaka ta sa teku ta ƙi ƙetaruwa.

Hikimar ajiye jirage a arewa ta bayyana ran 15 ga Agusta, da Jamusawa suka taso daga Norwe da Denmak suna zaton duk an kwashe jirage zuwa kudu, suka tarar ana jiransu, suka sha kashin da ba su sake gwada irin wannan hari da rana ba. A ranar ce kuma Göring ya ce bai ga amfanin ci gaba da dukan hasumiyoyin rada ba, tun da an doke su ba su daina aiki ba, kuskuren da ya nuna bai san abin da yake yaƙa ba. Mafi tsanani shi ne tsakanin 24 ga Agusta da 6 ga Satumba, lokacin da aka riƙa ragargazar filayen jirage irin su Biggin Hill da Kenley da Hornchurch. Cikin waɗannan makonni biyu an kashe matuƙa 103, an ji wa 128 munanan raunuka. Jirage ba su yanke ba, domin Lord Beaverbrook ya tsaya a kan masana'antu da wuraren gyara, amma matuƙi ba a ƙera shi a masana'anta. Aka cike giɓin da yara masu ƙarancin horo, da baƙi 'yan Kanada da New Zealand da Cekosulobakiya da Folan. Ƙungiya ta 303 ta 'yan Folan, wadda Dowding ya yi jinkirin sakin ta saboda matsalar harshe a rediyo, ita ce ta zo ta fi kowa yawan kaɓo jirage. Ɗansa Derek yana cikin masu tashi da Spitfire a wancan lokaci, saboda haka jerin sunayen da ake kawo masa kowane dare ba lissafi ba ne kawai a wurinsa.

Ran 7 ga Satumba Jamusawa suka bar filayen jirage suka juya kan Landan, abin da ya zama musiba ga talakawan unguwannin gabas, rahama ga rundunar da take dab da durƙushewa. Jirginsu na rakiya, Messerschmitt 109, mansa ba ya barinsa ya wuce kimanin minti goma a bisa birnin. Ran 15 ga Satumba Churchill yana zaune a benen nan na Uxbridge, ya ga fitilun allo duk sun kunnu, ya tambayi Park ko akwai sauran na ajiya, Park ya ce babu. An yi shelar an kaɓo jirage 185 a ranar. Takardun Jamus daga baya sun nuna wajen 60 ne. Amma sun isa. Ran 17 ga wata Hitila ya ɗage ƙetarawar, bai sake sa mata rana ba. Cikin mutum kusan 3,000 da suka tashi a wannan yaƙi, daga 10 ga Yuli zuwa 31 ga Oktoba, 544 ba su ga ƙarshensa ba.

Ƙasarmu Nijeriya ma ba ta rasa alaƙa da wannan tarihi ba. A cikin wannan wata na Satumba aka buɗe hanyar Takoradi, inda ake sauke jiragen Hurricane a akwatuna a gaɓar Gwalkwas, a harhaɗa su, su taso ta Ikko su sauka Kano da Maiduguri, su wuce Fort-Lamy da El-Fashir da Hartum har Masar. Kuma daga gudummawar da aka tara a Nijeriya aka sayi jiragen Spitfire, har ƙungiya ta 91 ta ɗauki sunan Nijeriya.

To, yayin da ake wannan fama a sama, wani yana gudana a ofisoshi. Leigh-Mallory bai ji daɗin zama a baya yana gadin filayen Park ba. A ƙarƙashinsa akwai Douglas Bader, jarumi na haƙiƙa wanda ya rasa ƙafafunsa biyu a haɗarin 1931 ya dawo yana tuƙi da na ƙarfe, wanda ya yi imani cewa a tara ƙungiya uku ko biyar a afka wa maƙiyi gaba ɗaya. A takarda ra'ayin yana da kyau. A aikace tarawar tana cin lokaci, sau da dama kafin su iso an riga an jefa wa filayen da aka ce su tsare bama-bamai, kuma adadin da suke cewa sun kaɓo ya ninka na gaskiya. Amma magatakardan ƙungiyar Bader ɗan majalisar dokoki ne, maganar ta bi ta hannunsa ta kai kunnen ministoci. Ran 17 ga Oktoba aka kira taro a ma'aikata, Sholto Douglas, mataimakin shugaban sojojin sama, yana jagoranta, Dowding da Park suka shigo suka tarar an kawo Bader, ƙaramin hafsa, ya ba da hujja a kan shugabanninsa. Waɗanda suka ci yaƙin suka zama kamar su ne ake tuhuma.

Adalci ya wajabta a faɗi laifin Dowding shi ma. Ya san akwai gaba tsakanin Park da Leigh-Mallory tun kafin yaƙi, yana da ikon raba gardamar ko cire ɗayansu, bai yi ba har ta ruɓe. Kuma bai ɗauki lallashin mutane a bakin komai ba. In ya tabbata yana da gaskiya sai ya rubuta ta a busasshiyar takarda ya wuce, ya tara maƙiya a ma'aikata shekara da shekaru ba tare da ya tara masu kare shi ba. Ga kuma matsalar dare. Da Jamusawa suka koma zuwa cikin duhu, rundunarsa ba ta iya ganinsu, ran 14 ga Nuwamba aka ƙone tsakiyar Coventry ba a taɓuka komai ba. Shi ya ce maganin yana cikin ƙaramar rada da za a sa a jikin jirgi, da wata a ƙasa mai yi masa jagora, kuma sai an yi haƙuri. Hakan kuwa ta tabbata a bazarar 1941. Amma mutanen da ake binne 'ya'yansu kowace safiya ba a ce musu su yi haƙuri, kuma gwamnati tana bukatar a ga ta yi wani abu.

A ƙarshen Nuwamban 1940 aka sauke shi. Shi ya riƙa cewa ta tarho ministan sama, Archibald Sinclair, ya sallame shi. Takardun ma'aikata suna nuna an gana da shi ido da ido. Ko ta yaya aka yi, Sholto Douglas ne ya hau kujerarsa, Leigh-Mallory ya karɓi ta Park: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1941 ma'aikata ta buga ɗan littafi a kan yaƙin, aka sayar da shi da yawan gaske, babu sunan Dowding a ciki ko sau ɗaya, har Churchill da kansa ya rubuta wa Sinclair yana nuna ɓacin ransa. Magadan nasa suka shiga aika manyan ayarin jirage bisa Faransa, inda rada da kusancin gida suka koma hannun Jamusawa, suka yi hasarar ɗaruruwan matuƙa a kan riba kaɗan. Bader kansa ya faɗa hannun maƙiyi a Agustan 1941. Park kuwa aka kai shi Malta a 1942, ya tsare tsibirin da dabarar nan da aka zarge shi a kanta.

An aika Dowding Amurka aikin da bai dace da halinsa ba, ya yi ritaya a 1942, aka ba shi sarautar Lord a 1943. Ƙarshen rayuwarsa ya ba masu sukarsa abin faɗi, domin ya shiga aƙidar masu da'awar magana da ruhohin matattu, ya rubuta littattafai a kai, na farkonsu Many Mansions, yana cewa matuƙansa da suka mutu suna zuwa masa. Wannan da'awa ce da ba ta da hujja a hankali ko a shari'a, amma ba wuya a gane inda ta samo asali a zuciyar mutumin da ya yi wata huɗu yana aika 'yan shekara ashirin sama yana ƙidaya waɗanda ba su dawo ba. Ya sake aure a 1951, ya bar cin nama, ya riƙa magana a majalisar dattawa a kan tausaya wa dabbobi.

Tsarin da ya gina, na tattara labari daga na'urori da idanun mutane, a tace shi wuri ɗaya, a mayar da shi umarni cikin mintoci, shi ne asalin da ƙasashe suke gina tsaron samaniyarsu a kai har yau, sai dai kwamfuta ta maye gurbin 'yan matan nan masu sanduna. Ya rasu ran 15 ga Fabrairu, 1970, a Tunbridge Wells, yana da shekara 87, aka ajiye tokarsa a Westminster Abbey a ƙarƙashin tagar tunawa da matuƙansa, aka kafa mutum-mutuminsa a gaban majami'ar St Clement Danes a 1988. Muƙami mafi girma na sojojin saman Ingila, wato Mashal na rundunar baki ɗaya, Newall ya same shi, Sholto Douglas ya same shi, Dowding bai same shi ba har ya mutu.